Gidan reno a bakin jami'a: abin da na gani cikin wata bakwai

Ranar da na fara zuwa gidan renon da ke bayan katangar makarantarmu, ɗiyata tana da wata biyu da kwana tara, kuma ban je da niyyar barin ta ba. Na je ne in duba wurin, in koma gida in yi shawara da maigidana. Tambayar da mai wurin ta fara yi mini, tun ban gama kwance majanyi ba, ita ce ta canza mini shawara. Ta dubi yarinyar, ta dube ni, ta ce, "Ɗiyata, ruwa ya taɓa shiga bakinta?" Na ce bai taɓa ba. Ta ce, "To, a nan ma ba zai shiga ba sai ta cika wata shida, amma fa sai kin kama mini, don ni ba ni da nonon da zan ba ta." Wata bakwai ke nan ina kai ta can a ranakun karatu, daga Fabrairu zuwa ƙarshen Agusta, kuma da yake ƴan'uwana ɗalibai da wasu ma'aikata suna yawan tare ni suna tambaya ko wurin ya ci kuɗinsa, na ga ya fi in rubuta amsar sau ɗaya, da daɗinta da ɗacinta.

Ba zan ambaci sunan gidan ko na mai shi ba, haka ma makarantar da nake karatu, saboda akwai laifin da zan faɗa, kuma matar ba ta roƙe ni talla ba. Maradi dai ta zama garin ɗalibai tun da aka buɗe jami'ar gwamnati a 2010, wadda yanzu take ɗauke da sunan Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, sannan jami'o'i da cibiyoyi masu zaman kansu suka ƙaru, kuma duk wanda ya leƙa ajin karatu a ɗaya daga cikinsu zai ga matan aure, wasu da ciki, wasu da goyo. Ni ina shekara ta uku ta lisans, wato digirin farko, ina zaune a unguwar Zariya. Mahaifiyata tana Tasawa, uwar mijina tana Gidan Rumji, kuma ƙanwata da ta zauna mini jego ta koma makaranta bayan arba'in. Wadda take da uwa ko uwar miji a gida ɗaya ba lallai ta buƙaci wannan rubutu ba.

Kafin a yi maganar gidan, ya kamata a san giɓin da ya zo ya cike. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun ce a ba jariri nonon uwa zalla har wata shida, sannan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara biyu ko fiye, abin da ya yi daidai da shekara biyu cikakku da aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ambata. Dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 kuwa ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 14, takwas daga ciki bayan haihuwa, sannan ta ba ta lokacin shayarwa da bai wuce awa ɗaya a kowace ranar aiki ba har jariri ya cika wata 12. Wata shida ya kai kimanin mako 26, ke nan ma'aikaciyar da ta koma aiki bayan mako takwas tana da sauran mako 18 da za ta riƙe jariri da nono kaɗai da wannan awa ɗayar, wadda kabu-kabu zai cinye rabinta idan gidanta yana Sura Bildi ko Bagalam. Ɗaliba kuwa ba ma'aikaciya ba ce, saboda haka ko wannan awar ba ta da ita. Ranar jarrabawa ba ta san mai jego ba, kuma duk sauƙin da ɗaliba za ta samu yana hannun malamin da ya ga dama.

Gidan na haya ne, ɗaki uku da falo, da tsakar gida mai yashi da bishiyar bedi guda ɗaya da ke ba da inuwa har la'asar. Mai wurin, wadda kowa ke kira Hajiya, tsohuwar ma'aikaciyar asibiti ce da ta yi ritaya, kuma tana da mata uku masu reno. Lokacin da na fara zuwa jarirai tara ne, yanzu sun kai 14. A bakin ƙofa akwai buta da sabulu, kuma ba a wuce su, ko da mutum yana sauri. Na taɓa ganin Hajiya ta mayar da wata malama mai muƙami ta koma ta wanke hannu kafin ta ɗauki ɗanta, malamar ta yi murmushin yaƙe ta koma. Kowane jariri yana da ƙaramar katifarsa mai leda da sange, wato gidan sauro, da bokiti mai murfi ɗauke da sunansa, inda ake zuba kayansa. Wurin ba na ƙawa ba ne, fentin bango ya fara ɓarewa, kayan wasa kuma ƴan kaɗan ne, amma ban taɓa shiga na ji zarnin fitsari ba, kuma wannan ya fi mini fenti.

Babban abin da Hajiya take sayarwa shi ne kusanci. Daga ajinmu zuwa ƙofarta minti bakwai ne a ƙafa, na auna da agogo ba sau ɗaya ba. Darussanmu awa biyu-biyu ne, kuma a tsakaninsu akan sami kwata ɗaya ko minti ashirin kafin malami na gaba ya shigo, wani lokaci fiye da haka. Idan yarinya ta farka ta fara tsotsar hannu, mai renon takan kira wayata ta katse, ni kuma in san cewa da an tashi sai tafiya. A ranar da take daidai nakan shayar da ita da ƙarfe bakwai da rabi kafin in shiga aji, da ƙarfe goma, da lokacin azahar, sannan da la'asar idan zan ɗauke ta, kuma abin da na tatsa na bari ba ya wuce na cike giɓi ɗaya ko biyu. Nakan makara shiga darasi na biyu da minti goma, nakan zauna a layin baya kusa da ƙofa, kuma sau ɗaya wani malami ya tsayar da ni a gaban aji sai da na ce, "Malam, goyo ne," sannan ya yi shiru ya nuna mini kujera. Duk da haka ban rasa darasi ko ɗaya gaba ɗayansa saboda shayarwa ba.

Ɗakin da ya fi burge ni shi ne ƙaramin na ƙurya, wanda aka keɓe don iyaye mata. Labule ne mai kauri a ƙofa, kujeru biyu masu jingina, tabarma, matasan kai, fanka, da randa mai moɗa a kai. Wanda bai taɓa goyo ba zai ce wannan ba wani abu ba ne. Yarinyar nan ƴar fari ce, wadda ko sunanta ba na faɗa a gaban manya, balle in buɗe ƙirji in shayar da ita a ƙarƙashin bishiya samari suna kai da kawowa. Na san ɗalibar da take ɓuya a sashen mata na masallaci tsakanin salloli, na kuma san wadda take shiga ban-ɗaki ta tatse nonon ta zubar don kawai ta sami sauƙin ciwo. Wata rana ina zaune kusa da wata a aji, nono ya zubo ya jiƙa mata gaban hijabi, ta rungume jakarta a ƙirji ta zauna haka har aka tashi, ba ta rubuta ko layi ɗaya ba. Bayan mako biyu ta ce mini ta fara ba ɗanta madarar gwangwani da rana, bayan wata guda kuma ta ce nonon ya ƙafe.

Ba ƙafewa ya yi haka kawai ba, kuma a wurin Hajiya na fahimci dalilin. Jikin mace yana yin nono ne gwargwadon abin da aka cire. Idan jariri ya tsotsa ko aka tatsa, jiki yakan ƙara, idan kuwa aka bar shi cike awa shida ko bakwai kowace rana, jiki yakan ɗauka ba a buƙata sai ya rage, kuma kafin ya rage yakan yi tauri ya yi zafi, wani lokaci har ya kumbura ya kawo zazzaɓi. Hajiya da kanta ta koya mini tatsa da hannu, ranar ta biyu da zuwana. Ta sa na wanke hannu, ta ɗora mini tsumma mai ɗumi, ta nuna mini inda zan sa babban yatsa a sama da ɗan ali a ƙasa, a gefen baƙin da'irar kan nono, in danna baya wajen ƙirji sannan in matse a hankali ba tare da jan fata ba. Ranar farko abin da na samu bai rufe gindin kofi ba, har na fara hawaye. Ta ce, "Ɗiyata, ki daina kallon kofin, ki kalli yarinyar." Cikin mako guda na kai rabin kofi. Wannan koyarwar ba ta cikin kuɗin wata, kuma ba ta sayar da na'urar tatsa ba ballantana a ce tana neman ciniki.

Nonon da aka tatsa ana zuba shi a ƙaramin mazubi mai murfi da aka dafa a ruwan zafi, a manna filasta a rubuta suna da lokaci. Da ƙaramin kofi suke ba jarirai, ba da kwalbar da muke kira bibiro ba, domin kofi ya fi sauƙin wankewa kuma ba ya sa jariri ya ƙi kama nono daga baya. Na tsaya na kalli yadda babbar mai renon take yi: ta zaunar da yarinyar a cinya, ta ɗora bakin kofin a leɓenta na ƙasa, ta karkata shi har nonon ya taɓa leɓe, ta bar ta tana lasa da kanta ba tare da an ɗura mata ba. Aiki ne mai cin lokaci, kuma a nan ne yawan jarirai ya fara zama matsala, domin mata uku ba za su iya yi wa jarirai 14 wannan haƙurin ba idan huɗu suka farka tare.

Yanzu sai inda wurin ya gaza, wato ajiyar nono. Ƙa'idar da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar, wadda Hajiya ta sa aka rubuta da hannu aka manna a jikin firigo, ta ce nonon da aka tatsa yana iya kai awa huɗu a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 25 ba, kwana huɗu a firigo, awa 24 a kula mai ƙanƙara, kuma wanda jariri ya sha ya rage ba ya wuce awa biyu. Digiri 25 kuwa a Maradi cikin Afrilu sai dai a mafarki, lokacin da zafin rana yakan haura 40. Firigon gidan guda ɗaya ne, tsoho, a cikinsa ake ajiye ruwan shan ma'aikata, ana buɗe shi ana rufewa dukan yini, kuma babu janareto babu sola. Idan aka ɗauke wuta, ƙanƙarar jika ɗaya ake aika yaro ya sayo, in an samu.

Wata Talata a ƙarshen Afrilu ina da jarrabawa biyu a jere, daga ƙarfe takwas zuwa ɗaya, wayoyi kuma a kashe. Na bar mazubi biyu da na tatsa da asuba. An ɗauke wuta tun ƙarfe bakwai da rabi, ƙanƙara ba ta samu ba, kuma zuwa sha ɗaya da rabi da aka buɗe na biyun, Hajiya ta sunsuna ta ce ba za a ba ta ba. Hajiyar ta fita neman ƙanƙara da kanta, yarinya tana ta tsala kuka cikin zafi, sai ƙaramar mai renon, wadda ba ta fi wata ɗaya da fara aiki ba, ta ɗebo ruwan leda ta ba ta cokali biyu. Da na iso da gudu na tarar da ita ta yi barcin gajiya, kuma ba don Hajiya ta faɗa mini ba da ban taɓa sani ba. Ta ja ni ɗakin ƙurya ta ce, "Ɗiyata, na yi miki alkawari an karya shi a gidana, ki yi haƙuri, laifina ne da na fita." Na yi fushi ƙwarai, na ɗauki yarinyata na tafi ban yi sallama ba, kuma kwana uku ban dawo ba. Yarinyar ba ta yi ko zawo ba, alhamdu lillahi, amma cokali biyu na ruwan da ban san inda aka ɗura shi ba a cikin jaririyar wata huɗu ba abin wasa ba ne. Abin da ya dawo da ni shi ne tunanin cewa matar da za ta iya ɓoye laifi ta ƙi ɓoyewa ta fi wadda ban taɓa jarrabawa ba.

Ban ga laifin ƙaramar mai renon sosai ba, domin abin da ta yi shi ne abin da kusan kowace kaka a garin nan za ta yi. Uwar mijina ma da ta zo ganinmu cikin bazara ta ce, "Ke, wannan zalunci ne, ko tsuntsu yana shan ruwa a wannan zafi," kuma sai da maigidana ya sa baki kafin ta ajiye zancen bauri. Mutane ba su yarda cewa nonon uwa kimanin kashi 88 cikin ɗari ruwa ne ba, kuma jaririn da ke jin ƙishi ƙarin nono yake buƙata, domin ruwa yana cika masa ɗan cikin ya hana shi tsotsa, yana kuma iya shigar masa da cuta. A kan wannan al'adar ta ba jarirai ruwa ne UNICEF da Hukumar Lafiya ta Duniya suka ƙaddamar da gangami a Abijan a 2019 don ƙasashen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Laifin gidan shi ne ɗaukar sabuwar ma'aikaciya a bar ta da jarirai kafin wannan darasi ya zauna mata. Tun daga ranar Hajiya ta fitar da ruwan sha daga ɗakin jarirai gaba ɗaya, ni kuma na sayi ƙaramar kula da robobin ƙanƙara biyu da nake daskarewa a gidan maƙwabciya.

Kuɗin wurin jika 15 ne a wata, da jika 5 na rajista sau ɗaya, kuma uwa ce take kawo sabulu da ƙyallayen jariri. Wadda ba ta zuwa kullum tana iya biyan jika ɗaya a yini. Ga ma'aikaciya mai albashi wannan da sauƙi, ga ɗalibar da ta dogara da kuɗin tallafin karatu ko aljihun miji kuwa yana da nauyi, kuma na san biyu da suka janye saboda shi. Sai dai duk wadda ta ga tsadarsa ta tambayi kuɗin madarar jarirai a kanti, ta tuna cewa gwangwani ɗaya ba ya kai mako ga jaririn da ita kaɗai yake sha, ban da gawayin tafasa ruwa. Hajiya tana ɗaga ƙafa idan wata ya ƙare ba a biya ba, amma ba ta ragi.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, har ya fi zancen kuɗi, shi ne lokacin rufewa. Ƙarfe biyar da rabi ake tashi, kuma duk rabin awar da aka ƙara dala ɗari ce. Mu kuwa idan malami ya zo daga Yamai don ya ba da darasin zango guda cikin mako ɗaya ko biyu, tun safe ake zama har kusan magariba, har da Asabar, ranar da gidan yake rufewa da azahar. A irin wannan makon na biya tarar da ta kai jika uku, kuma ranar Asabar ɗin da goyona na shiga aji na zauna a bakin ƙofa. Gidan da aka buɗe don ɗalibai ya kamata ya bi jadawalin ɗalibai, ko da za a ƙara wani abu a kuɗin wata. Na faɗa wa Hajiya haka, ta ce ma'aikatanta ma matan aure ne masu girkin dare, kuma ban sami amsar da zan ba ta ba.

Da yarinyar ta cika wata shida a watan Yuni, aka fara ba ta kunun gero da gyaɗa da nake damawa a gida in kawo a fulas, kuma zirga-zirgata ta ragu zuwa sau biyu a yini. Damina ta zo da nata. Suna sakin sange ko da barcin rana ne, kuma Hajiya ta riƙa bin kowace uwa tana tambaya ko an ba yaronta maganin rigakafin zazzaɓin damina da ake rabawa yara daga wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar, tana duba katin allura kamar tana bakin aikinta na da. Yaron da ya zo da zazzaɓi ko zawo ana mayar da shi gida, amma mai mura ana karɓarsa, kuma da yake babu ɗakin da za a ware shi, tari ɗaya ya zagaye kusan dukan jariran a watan Agusta, har da tawa.

Ga mai tambaya ko ta kai nata, amsata ta danganta da abu biyu. Idan ajinki ko ofishinki bai fi tafiyar minti goma daga gidan ba, kuma yawancin ranaku kina tashi kafin biyar da rabi, ki kai, domin za ki shayar da bakin yaronki ne, ajiyar nono ta zama ta ko-ta-kwana, kuma a wannan tsarin ban san wurin da ya fi shi a wannan gefen garin ba. Idan kuwa aikinki na ɗakin gwaje-gwaje ne ko na asibiti, inda za ki yi awa shida ba ki fito ba, to dogaronki duka a kan tsohon firigon nan yake, kuma daga Maris zuwa Yuni ban ba ki shawara ba sai kina da kularki da ƙanƙararki. Ki kuma tambayi yawan jariran da ke wurin a ranar da kika je, ki ƙirga masu renon da idonki.

Hajiya ta ce tana tara kuɗin sola da ƙaramin firigo na nono kaɗai, kuma za ta ƙara mai reno ta huɗu idan an koma karatu. Na biya kuɗin watan Oktoba tun yanzu don kada a ba wata gurbin, amma kulata tana nan a ƙarƙashin gado, robobin kuma suna gidan maƙwabciya.